Kira a Watan Fatalwa

Tseng Yue-o 'yar tsauni ce. An haife ta a wata gonar binlang, irin goron da mutanen can ke taunawa, da ke rataye a kafaɗar dutse, gabas da birnin Taichung, inda bishiyoyi ke da tsawo amma saiwarsu ba ta riƙe ƙasa. Tana ƙarama wani gefen gonar ubanta ya saɓule bayan ruwan sama, ya tafi da bishiyoyi a tsaye, da garken aladu, da maƙwabcinsu da ya hau duba bututun ruwa. Ƙarar ta daɗe da fita daga kunnenta. Warin ne ya zauna mata a hanci, warin ɗanyar ƙasa da tsinkakkiyar saiwa.

Aure ya sauko da ita gari. Mijinta Liao Tien-fu mai walda ne a wata masana'antar kekuna. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana haɗa kekunan da wasu za su hau a ƙasashen da bai taɓa gani ba, shi kuwa a babur yake zuwa aiki. Kamar sauran matan zamaninta, Yue-o ba ta kiran miji da suna. "Kai" ya ishe ta, da furfura ta fito ya koma "tsoho".

Sai da ya yi ritaya, likita ya tsorata shi da hawan jini, sannan ya sayo keke mai siraran tayoyi, da hular kwano, da wani matsattsen wando da ya sa ta rufe fuska don kunya. Ya shiga cikin tsofaffin da ke hawa hanyar da suke kira Hanjin Kaza, wadda ke murɗewa cikin gora da hazo har ɗakin bautar Kakan Ƙasa, gunkin da ke tsaron yankin, a can ƙoli. Ta yi faɗa, ta yi kuka, ta ɓoye masa famfon taya. Da ta ga ba zai bari ba, sai ta kafa rumfa a babbar kwanar da ke tsakiyar hawa, tana sayar da shayin ganye mai sanyi da ƙwai da gasasshen dankali. Kowace safiya takan riga shi hawa a ɗan baburinta. Yakan wuce ta yana haki ya ɗaga mata yatsu biyu, in ya gangaro ya tsaya ya sha shayi. Tsakanin wucewarsa da dawowarsa ba ta iya zama.

Wata na bakwai shi ne watan da take ƙi. A cikinsa ake buɗe ƙofar lahira, matattun da ba su da mai yi musu hadaya su fito yawo. Ba a ambatonsu da fatalwa a fili, 'yan'uwa nagari ake cewa. Kowace shekara takan maimaita masa dokoki: kada ya yi fito, kada ya jingina da bango, kuma in ya ji an kira sunansa a daji, ko da muryar wa, kada ya waiwaya.

Da can dariya yake mata. Amma wata shekara wani abokin hawansu ya faɗa kwazazzabo a wannan watan, wanda ke biye da shi kuma ya rantse ya ga ya juya kai baya, kamar mai amsa kira, kafin tayarsa ta bar kwalta. Daga ranar Tien-fu ya riƙe dokar fiye da mai ba shi ita.

A bara guguwar teku ta zo ana tsakiyar watan. Ta kwana biyu tana zuba ruwa, ta wuce. Da rana ta fito tsofaffin suka taru a rumfa, har da Kuo Chin-lai, tsohon direban bas wanda tumbinsa ke riga kekensa isa kwana.

"Matar yaya, ƙara min ƙwai," in ji shi. "Na ƙone guda uku daga gari zuwa nan."

"Ka ƙone uku ka ci biyar. Kekenka ne nake tausayi." Ta miƙa masa, ta dubi sama. "Ku dai kada ku wuce nan gobe. Dutsen ya sha ruwa ya ƙoshi."

"Yaya, ka ji? An ɗaure ka a turke."

"Ta ɗaure ni tun kana koyon birki," in ji Tien-fu. "Hanya a buɗe take, tsohuwa. Na ga ma'aikata sun kwashe rassan."

"Ma'aikata sun leƙa cikin dutsen ne?"

"To ke kin leƙa?"

Suka yi dariya, ita ba ta yi ba.

Washegari gari ya waye da hazo mai kauri. Sauran tsofaffin suka lafe a gida. Ta baro shi yana shan kunun shinkafa, ya ce mata iyakarsa rumfa, ta san ƙarya yake. Da ta isa, karnukan hanya da ke jiran ɓawon ƙwai babu ko ɗaya. Tsuntsaye sun yi tsit. Ta murɗa famfon da ke kawo ruwa daga idon ruwan da ke sama, ya yi tari, ya tofo ja, ya tofo baƙi, sannan ya ɗauke gaba ɗaya. Bayan ruwan kwana biyu, idon ruwa ba ya ƙafewa sai in wani abu ya motsa a ƙarƙashinsa.

Ta bi bututun ta haura cikin gora, tana kama saiwa da hannu. Ba ta yi nisa ba ta ga wata tsaga: dogon baki a jikin ƙasa, ya nufi saman kwanar da ke gaba da rumfarta. Gorar wajen duk ta sunkuya gefe ɗaya. Sai warin ya buge ta.

A ƙasa ta ji ƙarar sarƙar keke. Ta tsakanin ganye ta hango farar hularsa. Ya dubi rumfa bai ga kowa ba, ya ɗaga wa kujera yatsu biyu, ya wuce.

Abin da ya fito daga bakinta ba ita ta zaɓe shi ba.

"Tien-fu! Liao Tien-fu!"

Ta ga kafaɗunsa sun ƙage. Kansa ya fara juyawa, ya tsaya a rabin hanya, ya koma gaba. Sai ya miƙe tsaye a kan feda, tsoho mai hawan jini, ya taka kamar wanda ake kora. Nan ta gane abin da ta yi: murya daga cikin gora, cikin hazo, a wata na bakwai, da sunan da matarsa ba ta taɓa furtawa ba.

"Kai tsoho! Ni ce!"

Kwana ta riga ta haɗiye shi. Ta zame a gindi har bakin kwalta, ta tayar da babur. Tsakuwa ta fara gangarowa ɗaya ɗaya, tana tsalle a kan titi. Kafin ta kai kwanar dutsen ya yi nishi, sannan ya sauko, a hankali da farko, da gorarsa a tsaye. Da ƙarar ta mutu babu hanya a gabanta, sai jan tudu yana tururi. Ta tsaya da baki buɗe, ba ta san da wane suna za ta kira ba.

Da la'asar masu ceto suka zagayo da shi ta ɗaya gefen dutsen. A ɗakin Kakan Ƙasa suka same shi, ya kunna turare, jikinsa ko ƙwarzane babu. Ƙasar ta faɗo a bayansa, kusa har laka ta taɓa tayarsa ta baya.

Labarin ya zama nasa. Yakan ba kowa shi: 'yan'uwa nagari sun kira shi don ya tsaya a inda dutse zai same shi, ya ƙi waiwayawa, ya tsira. Yue-o ta yi ta juya abin a ranta. Da ya juyo, da ya gangaro wajenta lafiya, ko kuwa da ya tsaya daidai ƙarƙashin tsagar yana neman mai kira? Ba ta sani ba.

An gyara hanyar, an dafe gefen dutsen da siminti, ko da yake ta ga ruwa na tsattsafowa ta inda ba a yi masa rami ba. Da wata na bakwai na bana ya tsaya, ta same shi a tsakar gida yana ba taya iska.

"Tsoho, ranar nan ni ce na kira ka."

Bai ɗago ba. "Ke?"

"Ni. Ina cikin gora. Na ga tsagar, na kira ka ka dawo."

Ya danna tayar da babban yatsa, ya yi murmushi irin na mai lallashin yaro.

"Ke da ko a asibiti ba ki iya faɗa wa likita sunana ba? Haba tsohuwa. Na san kina so in zauna a gida ne. Kwantar da hankalinki, yanzu na san muryarsu. Duk abin da na ji a dutsen nan, ko da zaginki ya zo, ba zan juya ba."

Ya ɗaure hularsa, ya tura keken waje. A gabas gajimare ya riga ya zauna a kan Hanjin Kaza.