Lopaka, Ƙasa Ba Za Ta Kai Ka Kauai Ba

Mai karatu, cinka mini wannan. Uwa ce a zaune, ba ta taɓa gusawa ba, 'ya'yanta kuwa suna ta tafiya a jere. Wanda ya fi nisa shi ne babba, ya huce. Na kan cinyarta shi ke shan ƙuna. Riƙe ta tukuna.

Ranar Talata, takwas ga Mayu, da hantsi, mijina Lopaka Nahinu ya rasu a kan kujerarsa a gidanmu na yankin Puna, a tsibirinmu mai aman wuta, yana da shekara saba'in da tara. Kwana biyar ke nan da ƙasa ta tsage a unguwar sama, narkakken dutse ya fara gangarowa.

Lopaka, tsohona, ko mutuwa sai da ka zaɓi lokacin da za ta ba ni aiki.

Shekara talatin ka koyar da yaran yankin nan. Wancan karon da wuta ta ci ƙauyen bakin teku, kwana uku ka yi kana kwashe wa mutane kaya a motarka, har da akuyar da ta cinye maka kujera. Kai ɗan tsibirin Kauai ne, kullum kana mini gori wai namu jariri ne, bai daina amai ba. Ni kuma in ce naku ya tsufa, haƙora sun zube. Da idona ya raunana, kai ke yanke mini farce. Sai ka ɗaga guntun ka ce iyakar tafiyar da ƙasa ta yi da mu ke nan wajen garinku, wai tsibirinmu yana matsawa can da saurin tsirowar farce.

Ranar Laraba yayarka Ululani ta sauka daga Kauai, ta ce da kai za ta koma. Hukuma ta riga ta ce mu tashi kafin Juma'a ta wuce, hanya na iya rufewa. Ululani ta dubi hayaƙin, ta dube ni, ta kira sunana.

"Momi, a kan murhu za ki binne mini ƙane?"

Na maimaita mata abin da ka bar mini: "Ki sa ni ƙarƙashin mangwaron nan. Ƙasa za ta kai ni gida, ba sai an sa ni a jirgi ba." Ta yi kuka, ta haƙura.

Yau Alhamis muka sa ka a kabari. Sau biyu ƙasa ta girgiza igiyar saukar da akwatinka tana hannun mutane, babu wanda ya saki. Na share tsakar gida kamar yadda muke wa baƙuwa, don wutar na tafe, ina jin ƙarar itatuwa suna faɗuwa. Gobe zan fita. Wataƙila in na dawo ba mangwaro, ba kabari, sai baƙin dutse.

Ban gaya wa Ululani cewa Kauai ma gaba yake yi ba, ba za ka taɓa cim masa ba. Kai ka koya mini. Kusa da ni kake son zama, ka rasa bakin faɗa, ka fake da ilimi.

Allah ya ji ƙanka, ya sanyaya makwancinka ko da wuta ta bi ta kai. Ululani, 'ya'yanmu da jikoki, Allah ya ba mu haƙuri.

Mai karatu, ga amsar: uwar, wuta ce a can ƙarƙashin ƙasan teku, wuri ɗaya take. Ƙasan teku ke jan jiki a kanta, tana huda shi, tsibiri ya fito, ya wuce, wani ya biyo. Namu ne a kan cinyarta.