Minti Talatin na Kawu Sale

Ɗa'if, ƙarfe 4:40 na asuba

Ranar Juma'a muka bar Ɗa'if tun kafin a kira sallah, mu huɗu: ni, da matata Rabi, da 'yarmu Husna mai shekara tara, da mahaifiyata, Inna, wadda ta zo mana ziyara daga Kano, jirginta na komawa ranar Lahadi. Shekara biyu ke nan ina aikin ɗakin gwajin jini a wani asibiti a nan, kuma in faɗa muku gaskiya, ban san ko'ina ba sai asibitin da kantin da nake sayen burodi. Amma a gida na riga na cika baki cewa Jidda a tafin hannuna take.

Dalilin tafiyar a wurin Inna ɗaya ne. Yayanta, Kawu Sale, ya zo aikin hajji shekara talatin da ɗaya da suka wuce, ya zauna a Jidda, ba su sake haɗuwa ba. Ta ɗauro masa daddawa da kuka tun daga Kano, ta hana kowa taɓawa. Ni kuwa na ga dama ta samu ta nuna wa iyali gari. Na kwana uku ina bincike a waya, na tsara takarda, na buga ta a ofis har da layuka: tsohon gari ƙarfe takwas, gidan kifaye sha ɗaya, bakin teku biyu, kasuwa biyar. Kawu Sale na sa shi can ƙasa, takwas zuwa takwas da rabi na dare. 'Yarsa Samira kuwa na tura mata saƙo cewa muna nan tafe ranar Juma'a, ban faɗi lokaci ba.

Hanyar Hada zuwa Jidda, kilomita kusan 170

Direbanmu Hamza, Bahaushe ne haifaffen Makka, riyal ɗari huɗu muka yi da shi. Muka gangara dutsen Hada, hanyar nan mai murɗe-murɗe, Rabi ta runtse ido tana ta salati. Muka yi sallah a wani gidan mai, muka karya da tamis da ful, wato gurasa da dafaffen wake, na riyal sha biyu. A shingen bincike ɗan sanda ya duba iƙamata, katin izinin zamana a ƙasar, da fasfon Inna, ya ɗaga mana hannu.

A nan ne na miƙa wa Hamza takardar, ina jiran yabo. Ya karanta, ya dube ni ta madubi, ya ce, "Ya ustaz, yau fa Juma'a. Jidda ba ta tashi sai bayan la'asar." Na ce masa na yi bincike. Ya ce, "Halas, shi ke nan," ya ci gaba da tuƙi. Inna ta tambaya daga baya ko gidan Yaya za mu fara zuwa, na ce mata komai yana cikin tsari.

Balad, ƙarfe 7:55

Mun iso tsohon gari, wanda suke kira Balad, saura minti biyar lokacina ya cika, har na nuna wa Rabi agogo. Gidajen kam sun yi kyau, hawa huɗu, hawa biyar, an gina su da dutsen teku, tagoginsu na katako sun turo kan titi. Sai dai ba kowa. Kowace ƙofa da kwaɗonta. Mu kaɗai ne a lungun, sai kyanwoyi da wani mai shara da ya tsaya yana kallonmu. Na tsaya gaban wani gidan tarihi a rufe ina karanta musu labarinsa daga waya, gumi na zuba a kan gilashin. Husna ta ce, "Baba, to yaushe za mu shiga?" Na ce ai kyansa daga waje yake.

Zafin Jidda ba irin na Kano ba ne, jiƙe mutum yake yi kamar an rufe shi da tukunyar dambu. Kafin ƙarfe tara Inna ta nemi dakali ta zauna, ƙullin daddawarta a cinya. Ba ta yi mini faɗa ba.

Bakin teku, ƙarfe 10:30

Gidan kifaye a kulle, mai gadi ya ce mu dawo bayan sallah. Na matso da bakin teku sama a takarda, na ja kibiya da biro. Muka tarar da lilon yara ya yi zafi ba ya taɓuwa, masu keken haya ba su fito ba, ruwan nan da ake cillawa sama daga cikin teku, wanda na yi wa Husna alkawarinsa tun wata guda, ko ɗigo babu. Rabi ta ce, a hankali don kar Inna ta ji, wai tun da muka zo ƙofofi kawai muke kai wa ziyara. Haushi ya kama ni, na Hamza, na Jidda, na wayar ma. Da na ga ba sauran abin da zan ja wa kibiya, sai na ce, kamar dabara ce ta zo mini, mu je gidan Kawu mu ɗan huta kafin gari ya buɗe.

Bani Malik, ƙarfe 1:20

Ni da Hamza muka yi Juma'a a masallacin unguwar su Kawu, su Inna na jira a mota, sannan muka hau bene hawa na biyu. Samira ta buɗe ƙofa tana faɗin ahlan, ahlan, Hausarta rabi Larabci. Ashe tun safe take girki. A wurinsu, wanda ya ce zai zo ranar Juma'a, abincin rana bayan masallaci yake nufi, ba sai an faɗa ba. A bakin ƙofa kuma ga akwatuna biyu a ɗaure. Ta ce ƙarfe huɗu da rabi Kawu zai hau jirgin ƙasa zuwa Madina, wajen ɗansa, za a yi masa aikin ido, sai bayan wata guda zai dawo. Na taɓa aljihun da takardar take.

Kawu Sale yana zaune a kan darduma, tsoho siriri, idanunsa sun yi fari. Inna ta durƙusa ta ce, "Yaya." Ya miƙo hannu yana laluben fuskarta, ya ce, "Delu? Ke ce kika tsufa haka?" Sunan da ban taɓa jin wani ya kira ta da shi ba. Suka yi kuka, suka yi dariya, ya buɗe ƙullin daddawa ya daɗe yana shinshinawa. Ya tambayi mutanen unguwarsu ɗaya bayan ɗaya, tana cewa wannan ya rasu, wannan yana nan. Ni ma na yi hawaye, ba zan ɓoye ba.

Muna cikin cin shinkafa da kifi Kawu ya tambayi inda muka zaga. Husna, Allah ya shirye ta, ta zaro takardar daga aljihuna ta karanta masa tun daga sama har ƙasa, da muryar 'yan makaranta, har inda na rubuta sunansa, takwas zuwa takwas da rabi. Na so ƙasa ta tsage in shige. Kawu ya ɗan yi lissafi da yatsu, ya ce, "Shekara talatin da ɗaya, minti talatin. Kowace shekara minti guda ke nan, ɗana, kuma ka cinye mini ɗaya." Aka fashe da dariya har da Hamza. Inna ce kawai ba ta yi ba.

Awa biyu da rabi suka samu. Muka raka shi tasha, ya riƙe hannun Inna har bakin ƙofar shiga.

Yamma, da komawa gida

Bayan la'asar Samira ta mayar da mu Balad, sai ka ce wani gari aka sauya. Gidajen tarihi a buɗe, masu sayar da balila, wani dafaffen wake, suna kiran ciniki, yara na zane a ƙarƙashin bishiya, Husna ta sha sobiya kofi biyu. Da magariba muka ga ruwan ya tashi sama daga teku. Duk abin da na rubuta mun gani, ba ko ɗaya a lokacin da na sa masa. Muka kwana gidan Kawu.

Ranar Asabar ƙarfe bakwai muka kama hanya, tara da rabi muna ƙofar gida a Ɗa'if. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na gode wa Samira da Hamza. Da muka shiga na durƙusa gaban Inna na ba ta haƙuri. Ta ce in tashi, ta yafe. Sannan ta ɗaga hannu ta yi addu'a, muna amsawa da amin, ta roƙa wa Yaya lafiyar ido, ta roƙa mini hankali, a ƙarshe ta ce Allah ya yi albarka ga duk mutumin Jidda da ya kulle ƙofarsa jiya da safe.