Hawa Goma a Kan Kududdufi

Duk tsawon shekarun da na yi a wannan aiki, ban taɓa mantawa da ranar da wani tsoho mai gyaran keken ɗinki ya dubi zanen da na kwashe wata biyar ina yi, ya yi mini tambaya guda da ta rushe shi ba. Ku da kuka shigo ofishin nan kwanan nan kuna ƙorafin na cika matsa muku da zuwa fili. To, ku saurara ku ji dalili.

Lokacin shekarata huɗu da gama karatun zanen gine-gine a jami'ar da ke Samaru. Wani ɗan kasuwa, Alhaji Tanimu, ya sayi fili a tsakiyar Sabon Gari, ba nisa da kasuwa, ya ce yana son bene mai hawa goma: ƙasa shaguna, hawa biyu ofisoshi, sauran kuma gidajen haya na masu iyali. Ofishinmu bai taɓa samun aiki mai girman haka ba. Shugabarmu, Injiniya Rifkatu, ta damƙa mini zanen, ita kuma ta ɗauki lissafin harsashi da ginshiƙai.

Ga wanda ba ya cikin sana'ar, ba a zana harsashin babban gini sai an yi gwajin ƙasa. Akan kawo inji irin na haƙa rijiyar burtsatse, a huda filin a wurare da dama, a ɗebi ƙasar kowane zurfi a auna. Rahoton gwajin ne ke gaya wa injiniya nauyin da ƙasar za ta iya ɗauka. Ƙa'idar ofishinmu ita ce mai riƙe da zane ya tsaya a wurin ranar haƙa. Ni ban tsaya ba. Kamfanin da Alhaji ya ɗauka suka bugo mini waya cewa sun riga sun gama, har na ji daɗi sun rage mini wahala. Rahoto ya iso da bango mai sheƙi, ya ce ƙasar marmara ce mai ƙarfi. Na sa hannu a gurbin shaida, na miƙa wa Injiniya.

Daga nan na shiga zane da zuciya ɗaya. Na raba ƙofar mazauna da ta 'yan kasuwa don kada mace ta riƙa ratsa masu ciniki kafin ta shiga gidanta. Na sa matakala biyu saboda gobara, na ware wurin shanya a kowane hawa. Ina ji da aikin nan ƙwarai.

Wata Laraba da hantsi, farkon damina, na je filin in duba yadda ruwa ke bi ta gefen titi. A bakin filin akwai rumfar Baba Ayuba, mutumin unguwar Jushi, wanda kowa a layin ya sani da gyaran keken ɗinki. Muka gaisa, ya ce in nuna masa abin da za a gina. Na warware takardar a kan bencinsa. Ya gyara gilashinsa, ya ƙirga hawan da yatsa tun daga ƙasa har sama.

Ya ce, "A kan kududdufin za ku ɗora duk wannan?"

Na ce, "Wane kududdufi, Baba?"

"Wanda kake tsaye a kansa mana. Daga nan aka haƙi ƙasar da aka gina rabin unguwar nan. Da ƙuruciyarmu tarwaɗa muke kamawa a ciki, tsakiyarsa kuwa ko babban mutum ba ya taka ƙasa. Daga baya aka yi ta zuba sharar kasuwa da garin katako har ya cike, aka kawo jar ƙasa aka rufe."

Na yi ɗan murmushi, na ce masa ai masana sun zo da inji sun gwada, sun ce dutse ne a ƙasa.

Ya cire gilashin ya dube ni. "Ɗana, ban da Lahadi da nake zuwa majami'a, kullum ina rumfar nan daga safe har yamma. Ba injin da ya taɓa shiga filin nan. Je ka nuna mini ramin da suka huda."

Na zagaye filin sau biyu. Babu rami, babu alamar tayar babbar mota, ciyawa ce kawai. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Tun mako biyu kafin nan muka kai takardun neman izinin gini, masu kankare kuma suna shirin shigowa bayan sallah.

Da na koma ofis na ɗauko rahoton, na karanta shi shafi-shafi, abin da ban yi ba tun farko. Can ciki, a ƙarƙashin wani jadawali, an rubuta cewa filin yana unguwar Palladan, ba tsakiyar Sabon Gari ba. Tsohon rahoton wani wuri ne suka sauya wa bango, suka manta da wannan layin.

Na shiga wurin Injiniya na ajiye mata shafin. Ta karanta, ta sake karantawa, sannan ta ɗago.

"Kana wurin ranar da suka haƙa?"

"A'a, ranki ya daɗe."

"Wannan sa hannun na wane ne?"

"Nawa ne."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauki waya ta sa a janyo takardunmu daga hukuma, ta kira wasu masu gwaji da ta sani daga Kaduna. Ta ce mini, "Wannan karon za ka tsaya, kuma kai za ka riƙe buhun da ake zuba ƙasar."

Ranar gwajin Alhaji ya zo da kansa, ransa a ɓace, yana cewa za mu tsayar masa da aiki a kan maganar mai rumfa. Aka kunna inji. Da fari jar ƙasa ta fito, Alhaji ya dube mu ya gyaɗa kai. Ba a jima ba ƙarfen ya fara nutsewa da kansa, kamar an soka cokali a kunu. Abin da ya biyo baya baƙin taɓo ne mai wari, da ledoji, da ruɓaɓɓen garin katako, har da gindin silifas. Aka ƙara ƙarfe, aka sake ƙarawa, taɓo dai ke fitowa. Ina riƙe da buhun, ba abin da nake gani sai ɗakunan kwana da na zana a hawa na tara.

Alhaji ya juya ya tambayi Injiniya, "Da an gina fa?"

Ta ce, "Da zai tsaya har mutane su tare a ciki, Alhaji. Bayan damina biyu ko uku sai gefe ɗaya ya fara sauka."

Ya cire hularsa ya share gumi. Ashe ya yi niyyar sa 'yarsa da mijinta a hawa na ƙarshe.

Muka sake zanen daga farko. Hawa goma ya koma shida, aka kafa dogayen ginshiƙai da suka ratsa taɓon har suka tarar da ƙasa mai ƙarfi. Maganar wancan kamfani Alhaji ya kai ta inda ya dace. Ni kuwa Injiniya ba ta kore ni ba, amma ta sa na rubuta abin da na yi da hannuna, na karanta a gaban dukan ma'aikatan ofis. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, takarda ba ta faɗin komai sai abin da wani ya ga dama ya rubuta a ciki. Kowane fili yana da mutanen da suka san shi tun kafin a haife mu, kuma ba sa ɓoye wa wanda ya zauna ya gaishe su ya tambaya. Sa hannunku kuma yana nufin kun gani da idonku, mutanen da ba su san ku ba za su kwantar da 'ya'yansu a ginin bisa amincewa da shi. In ba ku je ba, ku zo ku ce mini ba ku je ba. Zan yi faɗa, amma za mu koma filin tare.