Makullan da ba su buɗe ɗakin hatsi ba

'Yan ajinmu, yau na samo makullai, na kuma sa Inna gudun banza.

Tun da na dawo Kebbe ni kaɗai nake fama da darasin Python, yaren nan na rubuta manhajar kwamfuta, a waya. Na haɗa jerin bayanai da ake kira dikshinari, sunayen garuruwa ne makullansa, kowane gari da amfanin gonarsa. Makullan kawai nake son fitarwa, amma shirme yake fito mini. Ashe bakan nan biyu na ƙarshen keys(), umarnin fito da makullai, nake mantawa.

Da hantsi na saka su. Sai ga Tambuwal, Sanyinna, Dogon Daji sun jeru! Ban san lokacin da na ce, "Na samo makullan!" ba.

Inna ta saki taɓarya ta sheƙo. Tun shekaranjiya take neman makullin ɗakin hatsi.

"Alhamdu lillahi! Ina ka gan su?"

Na miƙa mata waya. Ta duba gaba, ta juya baya.

"Wace ƙofa suka buɗewa?"

"Ba ko ɗaya, Inna."

"To, Allah shi kyauta." Ta koma turminta.

Har yanzu ina zaune da wayar a hannu. Don Allah ko mutum ɗaya ya ce mini barka.