Garken Gwangwani

Shekarar da aka datse layukan waya a Zamfara, wani abu ya faru a zauren gidana a Kaura Namoda wanda ba na jin zai bar zuciyata har in koma ga Allah.

Akwai wani dattijo Bafulatani da ya sauka a wurina. Daga wata ruga kusa da Moriki ya fito, bayan ɓarayin daji sun kore masa shanu gaba ɗaya. Baffa nake ce masa. Ba ya roƙo, ba ya yawan magana. Kullum da safe sai ya bi ta tsohuwar tashar jirgin ƙasa da rumfunan masu gyaran babur, yana tsintar gwangwanin madara, waya da guntayen sarƙar keke. Da yamma ya zauna yana lanƙwasa su da 'yar filaya. Ba wanda ya koya masa.

Shanunsa yake ƙerawa, ɗaya bayan ɗaya. Kowace da irin ƙahonta da tozonta. Akwai wadda ya karya wa ƙahon hagu da gangan, ya ce haka ta karye a bakin rijiya. Ido ne kawai ba ya sa musu, saboda wani malami ya ja masa kunne a kan surar mai rai. Idan ya jera su a tabarma yana kiran sunayensu da Fulatanci, sai in ga fuskarsa ta sake kamar yana cikin daji.

Da damina ta yi ƙarfi, ya tafi Shinkafi duba 'yarsa. Ban san ya zuba shanun a buhu don gudun tsatsa ba, ya kuma ɗora ragowar gwangwanaye a kai. Bayan kwana biyu 'yan gwangwan suka zo da kurarsu, masu karɓar tsohon ƙarfe su ba da robobi. Na fito da tsofaffin fartanyu da wata fasasshiyar tukunya. Ɗayansu ya hango buhun, ya tambaya ko har da shi. Na leƙa, na ga tarkace. Har na ɗauko waya in kira Baffa, sai na tuna babu layi. Na ce su ɗauka. A ƙofar gida suka bi buhun da guduma kamar yadda suka saba, don ya rage cin wuri. Ina tsaye ina zaɓar launin roba.

Ranar da ya dawo, ya duba lungun da ya bar buhun, ya dube ni. Na faɗa masa gaskiya. Na so ya yi faɗa, bai yi ba. Ya zauna, sannan ya ce, "Maigida, na farkon da bindiga aka kora su. Waɗannan ko sallama ba mu yi ba."

Na kawo masa sabuwar wayar ƙarfe da gwangwanaye cike da kwando, amma ya ce hannunsa ya mance. A lokacin na fara zuwa ajin yaƙi da jahilci, sai na roƙe shi ya faɗa mini sunayen in rubuta. Ya faɗa, na rubuta da karkataccen rubutuna. Kafin kaka ya koma wurin 'yarsa, can kuma Allah ya karɓi abinsa.

Tun daga ranar ba na kiran kayan wani tarkace sai na zazzage buhun har ƙasa. Littafin yana nan, nakan buɗe in karanta su a hankali: shanu goma sha tara, bijimi ɗaya, maruƙa huɗu. Abin da na karɓa a madadinsu roba biyu ne, kuma duk sun fashe.