Ranar da Rinina Ya Zuba a Filin Safana

Ku matso kusa, 'ya'yan albarka, mai surutu ya dakata, mai sauri ya samu wuri. Ni ban san baƙi ba, jikata ce ke rubutawa, amma bakin nawa ne.

Shekarun baya, aka turo mana wani malamin firamare nan Yasore, dogo siriri, mai son ƙwallo kamar ransa. Ya tara yaran gari ya kafa ƙungiya. Cikinsu har da jikana, wanda nake tsokana da angona, ɗan tsurut da shi, ƙwauri kamar sillen kara. Shekara guda suna yawon wasa. Darini ta lallasa su, Wagini ta lallasa su. Ko sau ɗaya ƙwallonsu ba ta taɓa leƙa ragar kowa ba.

Uban yaron, ɗana na fari, ya gaji. Ya ce, "Inna, wannan ai kai jiki ga duka ne. Asabar za su Safana. In suka dawo ba su ci ko ɗaya ba, ya gama ƙwallo, kullum da yamma ya bi ni gona." Angona ya shigo ɗakina ya zauna, ko furar da na dama masa bai kalla ba.

Sai ga malam da sallama. Bayan mun gaisa ya ce, "Inna, 'yan Safana farare za su sa, an ce mu zo da masu launi. Mu kuwa fararen singileti kaɗai gare mu. An ce ke ce gwanar rini."

Nan kaina ya kumbura. Tun ina amarya nake rina kabar faifai da tabarma da karan dafi, ba a taɓa kushe mini ba. Na dafa karan dafi da kanwa a babbar tukunya, na tsoma singiletin duka, suka fito jawur kamar nunannen gauta. Malam ya shafa ɗaya ya ce, "Inna, yadin nan fa roba-roba ne, zai riƙe kuwa?" Na ce, "Yaro, kaba ma da taurin kanta ta riƙe."

Ranar Asabar na ce ƙafata ƙafarsu. Ɗana ya goya ni a babur. 'Yan Safana suka fito cikin sababbin riguna fari fat, ranar aka fara sa su, mai horar da su na ta kashedi: "Duk wanda ya ɓata tasa, ya san sauran!" Kafin in gama gyara zama sun zura mana biyu. Ɗana ya ce, "Inna, kin gani da idonki ko?"

Ana dawowa daga hutun rabin lokaci hadari ya taso daga gabas, ruwa ya ɓarke. Can na hango ja yana bin hannun angona, yana bin ƙafarsa. Na yi salati, na zabura cikin fili da sandata ina cewa, "Wane marar imani ya yanka mini miji?" Mai usur ya tsayar da wasa, aka dudduba yara, ko ƙwarzane babu. Malam ya matse gefen riga ɗaya, jan ruwa ya tsiyaya. Ya ce a hankali, "Inna, rininki ne."

Fili ya ɗauki dariya. Wani ya ɗaga murya, "Kaka, a zoɓo kika jiƙa su?" Na ja mayafi na koma mazaunina, ina fatan ƙasa ta tsage.

To, ku ji ikon Allah. Ana ci gaba, wani ɗan Safana ya goga kafaɗa da namu, rigarsa ta yi jawur. Ya tsaya cak yana kallon mai horar da su, ido ya raina fata. Daga nan duk inda ja ya nufa, sai farare su dare kamar kaji sun ga shaho. Mai horar da su yana ihu, "Ku tare su! Na yafe rigar!" Ina! Tsoro ya riga ya shiga.

Angona ya ɗauko ƙwallo tun daga tsakiya, yana gudu yana ɗiga, hanya na buɗe masa. Ya ɗirka ta. Raga ta girgiza! Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba. Ɗana, mai kunyar nan da ko sunan yaron ba ya faɗa cikin mutane, ya cilla hularsa sama yana cewa, "Ɗana ne! Wallahi ɗana ne!" Yaranmu suka ƙara, suka sake ƙarawa. Uku da biyu aka tashi.

Har yau in na tuna, kunya da daɗi tare suke zo mini. Na gane gwanin abu ɗaya ba gwanin komai ba ne, kuma in yaro mai ilimi ya yi maka tambaya, ka tsaya ka ji. Sai dai Allah kan rufa asirin tsohuwa ta inda ba ta zata ba.

Mako na gaba a Batsari rana ta ƙwalle, aka ɗura wa yaranmu biyar, amma uban bai sake zancen gona ba. Malam an mayar da shi wani gari, ya zama shugaban makaranta, duk Sallah yana aiko mini da goro. Mai horar da 'yan Safana, an ce baƙaƙen riguna ya koma saya. Ɗana ya tsufa, ba ya barin rediyo in ana sharhin wasa. Angona ya girma, ya yi mini kishiya, yana koyarwa a Batsari, kuma shi ke horar da yaran makarantarsu. Ni kuwa ina nan kan kabata. Bara angona ya kawo yaran ƙungiyarsa su gaishe ni, na ce in suna son rini a shirye nake. Ya durƙusa ya ce, "Kaka, addu'a kawai ta wadatar."