Sekuru Mhembere Ba Shi da Sahwira

Sekuru Mhembere, wato tsoho Mhembere, maƙwabcina ne, shingen ƙaya kawai ya raba gonakinmu, kuma tun da na san shi abu ɗaya ke cin ransa: wa zai yi masa sahwira ranar da ya mutu. A nan wajenmu, ƙasar Masvingo, ba a raka gawa da kuka zalla. Sai amininka, shi ne sahwira, ya tashi ya sa rigarka, ya kwaikwayi tafiyarka da maganarka, ya tona 'yan asiranka, har masu makoki su yi dariya da hawaye a fuska. Kuma dole ya zama bare. To mu a ƙauyen nan kusan duk Shumba ne, dangin zaki, har ni da shi. Wanda ba Shumba ba suruki ne, suruki kuwa ba ya wasa da gawarka.

Mutane kan samo nasu a wurin aiki ko wurin shan giya. Shi kuwa Sekuru wankan shanu da maganin kaska ya yi har ya tsufa, daga shi sai shanu, giya kuma ko ƙamshinta ba ya so. Matarsa ta rasu, ɗansa ya tafi Afirka ta Kudu neman aiki, sai waya jefi-jefi. Na sha ganinsa a wurin makoki, kowa na dariyar sahwira, shi ya yi tagumi. Tausayi yake ba ni, har haushi ma.

Abin da ya rage masa shi ne tudun bayan gari, inda tsohon ginin dutse na mutanen da yake, wanda aka jera ba laka ba siminti. Mu itace muke zuwa yi a can. Shi kuwa kullum sai ya hau, ya tuɓe takalmi, ya tafa hannu ya gai da masu wurin, ya zauna yana kallon bango kamar mai jiran a kawo masa abinci. In ya sauko ya fara labarin fasassun tukwane, kan ka ce me, an watse. Ni kaina sai in ce wake na kan wuta.

Wata rana da yamma ya leƙo ta kan shinge, bakin nan har kunne.

"Mai Tendekai, yau an zage ni." Haka ake kirana a nan, wato uwar Tendekai.

Na ce to Allah ya kyauta, abin murna ne? Sai ya ba ni labari. Ya hau tudu ya tarar da wani tsoho kwance rub da ciki, yana leƙen wata kafar ruwa a gindin bango. Sunansa Sekuru Chinyoka, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne daga Gweru, ya dawo zama wajen 'yarsa da ke koyarwa a makarantarmu. Baƙon ya ce jerin duwatsun ƙasa da na sama ba hannu ɗaya ya yi su ba. Mhembere ya ce ƙarya ne. Baƙon ya dube shi sama da ƙasa, ya ce mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kallon gindin shanu me ya sani game da gini?

"Kuma shi ɗan dangin Moyo ne," in ji Mhembere, yana rage murya. "Ba ruwansa da zaki."

Daga nan fa sai suka ɗinke. In an yi ruwa, ƙasa ta zaizaye, sai su bi gefen bango suna tsintar tsingaron tukwane da 'yan duwatsun ado. Chinyoka ya shafa wa tsingaro yawu, ya ɗaga shi sama ya kanne ido ɗaya, ya ce wannan zanen mace mai haƙuri ce ta yi shi. Mhembere ya ce a'a, mai sauri ce, miji na jiran tuwo. Su yi ta musu har rana ta karkata, sannan su mai da shi daidai inda suka ɗauko, don ba a saukowa da komai daga tudun nan. Na taɓa jiyo su ina yin itace. Tsofaffi biyu suna zagin juna a kan tukunyar da mai ita ta daɗe da zama ƙasa! Mhembere har ƙiba ya yi a wannan damina.

Na ce masa ya je gidan 'yar mutumin ya yi gaisuwa, ya kai ko kaza ce, ya ja shi kasuwa su zauna a ga fuskokinsu tare. Sahwira ai sai jama'a sun san da shi. Ya ce ina saurin me, ai suna tare kullum. A gindin tudu suke rabuwa, wannan ya yi gabas, wancan ya yi yamma. Na faɗa na sake faɗa, har na gaji na zuba masa ido. Tsoho in ya kafe, sai Allah.

Chinyoka ya faɗi a bayan gida wata safiya, kafin a samo mota rai ya yi halinsa.

Ranar jana'iza wani abokin aikinsa daga Gweru ya tashi da usur da jan ƙyalle, yana tsai da jirgi yana zagin direba, aka yi dariya har da masu riƙe ciki. Da ya zauna, sai ga Mhembere ya miƙe ya roƙi a ba shi kwat ɗin mamacin. 'Yar, Mai Farirai, ta miƙa masa don kunya.

Ya sa kwat. Ya kwanta rub da ciki a tsakar gida yana leƙen gindin rumbu. Ya tashi ya tsinci wani tsingaron tukunya, ya shafa masa yawu, ya ɗaga sama ya kanne ido ɗaya, ya ce da muryar Chinyoka sak: "Mai haƙuri ce ta yi wannan, kai mai kallon gindin shanu!"

Ni na yi dariya, ni kaɗai. Wurin ya yi tsit. Ashe a gida Chinyoka ba ya magana, kujera yake zama ya kunna rediyo. 'Yarsa ta ɗauka yawon da likita ya ce ya riƙa yi saboda hawan jini yake fita. Ba wanda ya taɓa ganin wannan mutumin da Mhembere ke nunawa. Na ji Mai Farirai tana tambayar ta kusa da ita ko tsohon nan lafiyarsa ƙalau. Mhembere ya tsaya da kwat duk ƙura, ya dubi fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya cire ta, ya kakkaɓe, ya ninke ya ajiye, ya koma bayan mutane ya zauna.

Washegari na kai masa sadza, tuwon masararmu, da miyar ganyen kabewa. Yana zaune a ƙofar ɗaki, bai hau tudu ba. Ya ci loma kaɗan ya ture kwanon.

"Mai Tendekai, ke kin iya tafiyata?"

Na iya mana. Yadda yake jan ƙafar hagu, hannu a baya, kai a ƙasa, ko ido rufe zan yi ta. Amma na ce, "Sekuru, ka san ni da kai zaki ɗaya ne."

"Na sani," ya ce. "Tambaya dai na yi."